Maigadin Da Ba Ya Motsi

Ciyaman ya koyo wasan ces, darar Turawa mai sarki da sarauniya, a Abuja, ya shimfiɗa allo a gaban maigadinsa Jatau, wanda ke jingine da get.

"In ka ci ni, ka raina ni, kora. In na ci ka, kai wawa ne, kora."

Ciyaman ya fito da sarauniya tun farko, Jatau ya lamushe ta, ya ci wasa.

"Tashi ka bar gidana!"

"Ranka ya daɗe, gwani, ba kai ka ce ɗan da ya tare wa sarki hari ba ya motsi ba? 'Yan jam'iyya arba'in ne a waje, kowa da alƙawarin da ka yi masa. In matsa?"

Ciyaman ya leƙa ta kafar get.

"Jatau, ƙara jingina."