Ɓera a Cikin Ayaba Mai Ciki

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, in da daɗi mu ƙara.

"Baba, wai wace ayaba ce aka hana mata su ci?"

Kyallu matar Ɓera tana bayan ganye ta ji mijinta ya yi wannan tambaya. A tsibirin Hawai ne, can tsakiyar teku, a zamanin da. Wanda ake tambaya kuwa tsoho Makoa ne, mai gonar ayaba a bakin rafi.

Makoa ya ce, "Ai tambayi wadda aka bar musu, ta fi saurin ƙirguwa. Ayaba a nan iri-iri ce. Akwai doguwa ta gashi, akwai mai baƙin jiki da muke zare zarenta mu yi wa saƙa ado, akwai wadda ake ɗiga wa jariri zumar furenta. Mata dai iri biyu ko uku aka yarje musu."

Ɓera bai taɓa bin doka ba tun da aka haife shi, amma ranar nan ya koma gida ya fi kowa tsoron doka. Ya kwaso ayabar da suka tara, ya ware mai kyau gefensa, ya tura wa Kyallu 'yar guntuwa.

"Doka ce, ba ni na kafa ba."

"To, maigida."

Gobe ma haka, jibi ma haka. Ya ci, ya yi gyatsa, ya ce wallahi tausayinta yake ji.

"Doka ce, ba ni na kafa ba."

"To, maigida."

Ana nan, sai ya ji labarin wata ayaba da ake kira mai ciki, wadda 'ya'yanta suke nuna a cikin kututturenta, jikin ya kumbura kamar mai wata tara. Ɓera ya ce wannan ai ta manyan maza ce. Ya je ya huda, ya shige. Ya ci, ya ci, ya ci. Da ya zo fita, kai ya wuce, ciki ya ƙi.

Ashe ranar ake biki a gidan Makoa. An haƙa rami, an gasa duwatsu sun yi ja. Su mutanen can, kututturen ayaba suke sarewa su daddake, su shimfiɗa a kan duwatsun don turiri ya tashi, su jera kifi da gwaza, su rufe da ganyenta. Samari suka sare kututturen da Ɓera yake ciki, suka ajiye a bakin rami, suka tafi ɗauko taɓarya.

Kyallu ta bi sawu ta zo, ta leƙa hudar.

"Maigida, zafi ne?"

"Ke! Ciro ni!"

"Ai in na ja ka zan taɓa ayabar maza. Doka ce, ba kai ka kafa ba."

"Kyallu, uwar ɗakina, 'yar albarka, yanzu za a daka ni!"

Ta ce a hankali, "Ni dai ban taɓa ganin an daka mai ciki ba." Ta koma bayan ganye.

Samari suka ɗaga taɓarya. Sai Ɓera ya maƙale murya ya ƙwalla ihu: "Wayyo cikina! Naƙuda! Wane mara kunya ne zai daki mai naƙuda?"

Taɓarya ta faɗi, samari suka watse. Makoa ya zo, ya ce a yi haƙuri, a mayar da ayabar bakin rafi ta haihu lafiya. Can Ɓera ya kwana biyu, sai da ciki ya saɓe ya fito.

Ya shigo gida yana taƙama, wai dabararsa ce ta kori gari guda. Ya duba inda ya tara ayaba, ba ko ɗaya. Ya dubi Kyallu, kumatunta sun ciko.

"Ina ayabata?"

"Ƙila dokar ce ta zo ta kwashe abinta, maigida."

Ita kuwa ta cinye doguwar, ta cinye gajerar, ta lashe har zumar furen, ko ciwon kai ba ta yi ba. Ta so ta faɗa wa matan gari, sai ta tuna in suka sani, ayabar ba za ta ishe su ba. Ta goge baki, ta ce ba mai ji.

Ƙurunƙus! Yau dai kan ɓeran ya tsira da ƙyar. In za ka hana matarka ci, to ka tabbata kullum a gida kake kwana.