Wanda Ya Kawo Kogi Ɗakin Malam

Ku matso nan. Kai ɗan Hajo, kife wayar nan a ƙasa, ba da bango nake magana ba. Ga ta nan gare ku, amma wannan ba ta dabbobin daji ba ce, ta gidanku ce. Kowa a cikinku ya ji ta daga bakin ubansa ko uwarsa, an yanke masa inda ya yi daɗi. Yau za ku ji ta daga bakin wadda ta zauna a bakin gadon, kuma ba wanda zai tashi daga tabarmar nan sai ya ba ni amsa.

Kakanku, Malam, da ke kwance a ɗakin can, shekara hamsin ya yi yana su a kogin Kwara. A tungarmu ta ƙasar Yawuri ba wanda ya kai shi sanin ruwa. Bara ya faɗi a bakin jirginsa, ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Aka ɗauko shi aka kawo nan Sakkwato, asibiti suka yi nasu, suka sallame mu. Daga ranar da aka kwantar da shi a ɗakin can ya juya fuska bango. Kunu cokali uku, shi ma sai na yi faɗa. Mutumin da yake jan taru shi kaɗai ya koma ina ɗaga shi da hannu ɗaya.

Wata rana na sayo kifi zan yi masa romo, akwai gargaza ɗaya da sauran ranta tana motsi a cikin kwano. Na zauna bakin ƙofarsa zan gyara. Ina ɗaukar wuƙa ya yi wani gurnani, na waiga, na ga idonsa a kan kwanon. Na ajiye wuƙa, na zuba mata ruwa, na tura kwanon gabansa. Yini ya yi yana kallonta har ta mutu da la'asar. Ban taɓa shiga aji ba, amma wannan na karanta shi. Na aika wa 'ya'yana uku magana ɗaya: ubanku ba ciwon ne zai kashe shi ba, rashin kogi ne. Likita ya ce hanyar Yawuri za ta ƙarasa shi. To tunda ba zai je ba, ku kawo masa.

Na fari shi ne wanda ba na faɗin sunansa, ku kuke ce masa Baba Babba. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu ya bar tunga, ya koyi aikin gilashi, tagogin rabin unguwar nan shi ya sa. Ya rufe shagonsa mako biyu. Ya yanko gilashi mai kaurin yatsana, tsawonsa ya fi gado, ya haɗa shi da gam da hannunsa ya zama tankin kifi, ya sa mai walda ya yi masa teburin ƙarfe mai ƙafa shida. Da ya cika na farko da ruwa a tsakar gida don gwaji, sai ya tsage daga kusurwa, ya yanke shi a dantse, ɗinki tara. Ƙasar ce ba lebur ba. Bai je ya kwanta ba. Ya fasa daɓen ɗakin Malam, ya sake zuba siminti, ya yi ta aunawa yana kwance rub da ciki kamar ƙadangare, sannan ya haɗa na biyu da hannu a naɗe. Ruwan duro biyar ne a cikin abin nan, yana tsaye taku biyu daga kan kakanku. Da wani ne ya haɗa shi, da ban yarda an shigar min da shi ba. Har yau ko ɗigo bai yi ba.

Amma ku ji aikin ɗan masunci da ya manta gidansu. Wai don kada ubansa ya ga datti, sai ya wanke cikin tankin da garin sabulu, ya wanke tsakuwar da sabulu, ya buɗe famfo ya cika. A ranar ya sayo wasu kifaye masu launin rawaya da shuɗi a shagon masu kayan ado, ya juye su ciki. Malam ya juyo daga bango, ya sha rabin kofi. Kwana biyu duk suka taso ciki a sama. A gaban idonsa aka kwashe su da matsami. Ya koma bango, wannan karon ko cokali ukun sai da kuka.

Ta biyu Hajo. Ita tana kiwon tarwada a bayan gidan mijinta, ba ta san kogi ba, amma ta san ruwan da aka tsare. Ta zo ta shinshina tankin, ta yi wa yayanta kallon da ya fi zagi. Ta zubar da ruwan duka, ta ɗauraye gilashin sau bakwai. Ta tara ruwan famfo a durori ta bar shi a buɗe har warin maganinsa ya fita. Ta samo yashin rafi da manyan duwatsu, ta jera duwatsun a ƙasa tukuna kafin ta zuba yashi, ta ce gargaza mai tono ce, in dutse yana kan yashi za ta tone ƙarƙashinsa ya faɗo ya fasa gilashi. Ta yi musu lunguna da ramuka, ta ce kowace tana son ɗakinta, in babu su kashe juna. Ta kawo ɗan inji mai hura iska, da matatar ruwa, ta cusa wani tsohon soso baƙi ƙirin daga tafkinta a ciki, ta ce duk wanda ya wanke sosan nan da sabulu ita da shi ne har lahira.

Sannan ta ce ba kifin da zai shiga sai ruwan ya nuna. Na ce ruwa mangwaro ne? Ta ce, “Inna, mako huɗu.” Kullum ta zo ta barbaɗa ɗan abincin kifi a tankin da ba kowa a ciki, ta ɗiga wani abu a kwalba ta duba launi, ta girgiza kai. Maƙwabta suna shigowa duba mara lafiya suna fita suna dariya, wai gidan Malam ana kiwon duwatsu. Ni kuma ina kallon haƙarƙarin kakanku yana fitowa ɗaya bayan ɗaya. Na zage ta, na ce za ta binne ubanta da kwalba a hannu. Ta yi kuka, amma ba ta rage kwana ɗaya ba. Bayan kifin ya zo, ranar da aka ɗauke wuta tun hantsi har magariba cikin zafin bazara, ita ce ta tsaya da ƙwarya tana ɗibar ruwan tana kwararo shi daga sama don ya sha iska, har hannunta ya kumbura. Ko ɗaya bai mutu ba.

Na uku Jibo, autana, shi kaɗai ya zauna a tunga yana su. Shi fushi yake tun ranar da aka ɗauke ubansa ba a tambaye shi ba. Aike na farko bai amsa ba. Na biyu ya ce a gaya wa 'yan birni su sayo kogin a kanti. Ruwa ya nuna, tanki ya shirya, muka ƙara kwana goma sha biyu muna jiran mai girma Jibo. Sai da na aika masa cewa in ubansa ya mutu kada ya zo min gaisuwa, sannan ya motsa.

Da ya motsa kuwa, ya yi abin da duk garin nan ba mai iyawa. Akwai wani lungu a bayan tsibiri inda Malam yake zuwa shi kaɗai, gargazar wurin mai jan wuya ce, ba irin ta kasuwa ba. Jibo ne kawai ya san hanyar. Bai jefa taru ba, don taru yana ɓare musu ɓawo su mutu daga baya. Gura ya kafa, irin tarkon nan na saƙa, kwana shida yana zaɓe yana saki, har ya sami namiji ɗaya da mata biyar ba ko ƙwarzane. Ya zuba su a duro da ruwan kogin, ya lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, ya hau bayan a-kori-kura ya rungume duron tun daga Yawuri. Motar ta lalace a daji da tsakar rana. Ya cire rigarsa ya yi musu inuwa, ruwan shansa ya riƙa jiƙa buhun da shi. Ya iso leɓensa a fashe, bayansa ya saɓule, kifi shida suna raye. Da aka sake su a tanki, Malam ya juyo, ya dubi jan wuyan nan, na ga ya gane daga inda suka fito.

Washegari Jibo ya gutsuro ragowar tuwo ya watsa musu, ruwan ya yi fari. Hajo ta yi masa tsawa, ya ce ba mai kiwon kifin roba da za ta koya masa kifi, ya saɓa jakarsa ya koma tunga. Bai tsaya ya gaya musu ko kalma ɗaya a kan halin gargaza ba.

Malam yana kallo, yana shan kofi guda a yini, amma bai yi magana ba. Bayan wajen mako uku, mace ɗaya a cikin kifayen ta daina ci. Ta shige lungun dutse, haɓarta ta kumbura, in an zuba abinci sai ta kau da kai. Ina ɗakin girki ranar. Hajo ta ce ciwon baki ne, zai kama sauran. Baba Babba ya ce a cire ta tun Malam bai sake ganin gawa ba. Suka ɗauko 'yar raga, ya tsoma hannu.

Sai na ji ana dukan ƙarfen gado. Na shigo da muciya a hannu. Malam ya ɗago a kan gwiwar hannunsa mai lafiya, jijiyar wuyansa a tsaye, yawu yana zuba, yana kokawa da harshensa. Wata bakwai ban ji muryarsa ba.

“Ku bar ta,” in ji shi. “'Ya'ya ne a bakinta. Jakai.”

Jikokin masunta, ku da kuke zare min ido, na san ku ma ba ku sani ba. Gargaza a bakinta take goyo. Ta kwashe ƙwanta ta riƙe, ba ci ba haɗiya, har su ƙyanƙyashe. Bayan kwana tara ta buɗe baki, suka fito kamar an watsa gero. Inuwata ta gifta, suka ruga suka koma ciki gaba ɗaya. Malam ya yi dariya da rabin bakinsa, sannan ya ce, “Kunu.” Ya shanye. Ya ce, “Ƙaro.” Yanzu yana zama da kansa, yana zagin namijin nan in ya kori matan.

Da ya sami ƙarfi ya sa na jawo masa filafilinsa na tuƙa jirgi daga ƙarƙashin gado. Na kirya ne, ubansa ya tuƙa da shi, kakansa ya sassaƙa shi. A gidanmu wanda yake riƙe da shi, shi ke da magana ta ƙarshe. Ya ɗora min a cinya ya ce, “Ba wanda ya kawo kogin.” Na ce wa? Ya lumshe ido. Haka yake tun muna yara, aiki mai wuya sai ya bar min.

Na aika Jibo ya dawo daga tunga, na tara su ukun na faɗa musu. Da na sani da na yi shiru.

“Ba don gilashina ba, a tafin hannu za ku riƙe masa ruwan?” in ji babban.

“Gilashinka maƙabartar kifi ne kafin in zo, Yaya,” in ji Hajo.

“Ke kuma wata guda kina kiwon duwatsu,” in ji Jibo. “Baba duwatsu ya yi wa magana?”

“Ai da ka ƙara kwana biyar kana fushi, da liman ne zai yi masa magana,” in ji Hajo.

Daga ranar ba su sake haɗa kwano ba. In ɗaya ya ga takalmin ɗaya a ƙofar Malam, sai ya juya. Jibo yana kwana a shagon abokinsa, ga gidan yayansa. Suna tsammani ubansu bai lura ba. Mutumin da yake gane kifi daga motsin ruwa? Jiya ya bar rabin kununsa. Yau da safe na tarar da shi yana kallon bango, tankin yana bayansa. Ban yi jinyar wata bakwai don manyan banza su mayar min da shi inda na ɗauko shi ba. Ranar Juma'a filafilin nan zai bar hannuna.

Kada wanda ya ce min a ba babba don shi ne babba, Malam bai ce haka ba. Kada wanda ya ce min Hajo mace ce, ni na tuƙa jirgi da filafilin nan da cikin Jibo wata takwas. Kada kuma wanda ya ce a raba, ba rake ba ne. In kuwa na ji ɗayanku ya zaɓi ubansa ko uwarsa bai kawo dalili ba, muciyata tana kusa.

Ɗaya ya gina wa ruwan gida da jininsa, ya kuma kashe kifin farko da sabulu. Ɗaya ta rayar da ruwan, ta kuma kusa jefar da uwa da 'ya'yanta. Ɗaya ya ɗauko kifin ubansa a ƙirjinsa, bayan ya bar uban yana ramewa kwana goma sha biyu don fushi.

To, ku faɗa min, a cikin ukun nan wane ne ya kawo kogi ɗakin Malam?