Na'urar Charity da Ƙwan Hajiya Rekiya

A unguwar Tunga ta Minna, wajen shekarar 2011, akwai wani mai gyaran batir da inbata, wato na'urar da ke ba gida wuta daga batir, ana kiransa Gimba. Hannunsa na da kyau, wannan kam ba mai musu. Ciwonsa ɗaya ne: ba ya iya jin ana yabon wani a sana'arsa. Da ya ji, ko tuwo ba ya shigar masa.

Ana nan sai Charity, 'yar maƙwabcinsa Irimiya, ta gama karatun lantarki ta buɗe ɗan shago daura da nasa. Ta haɗa wata 'yar na'ura da ba ta fi tafin hannu ba. A cikinta akwai ɗan baƙin aisi, wato ƙwaƙwalwar na'urar, wanda ake rubuta wa umarni da kwamfuta. Aikinsa ya riƙa auna ƙarfin batir kowace daƙiƙa. Komai ƙanƙantar raguwar ya sani, in kuma ta wuce ƙa'ida sai ya yi kuka.

Akwai wata Hajiya Rekiya a Maitumbi mai ƙyanƙyasar kaji, shekara takwas Gimba ne ke kula da batiran injin ƙyanƙyasarta. Wata Talata ya je ƙara musu ruwa, sai ga na'urar Charity manne a bango tana ta kuka.

"Malam Gimba, yarinyar nan akwai kai!" in ji Hajiya. "Tun shekaranjiya abin nan ke kuka. Na kira ta tana Kagara wurin aiki, ta ce ka duba batir na biyu, wai ya fara gajiya."

Ta ce ya duba! Yarinyar da aka goya a gaban idonsa! Ran Gimba ya yi baƙi ƙirin. Ya ɗauko tsohuwar mitarsa mai allura, wadda ba ta ganin ƙaramin canji, allura ta tsaya cak a kan sha biyu. Ya goga waya a kan batirin yadda ubangidansa ya koya masa, tartsatsi ya tashi.

"Kin gani, Hajiya? Batir garau yake. Kayan wasan yara ne ke ɗaga miki hankali."

Amma da ya ɗora hannu a kan batir na biyu sai ya ji ɗumi, gefensa kuma ya ɗan kumbura. Ya san ma'anar hakan sarai. To in ya faɗa, gobe Maitumbi kaf za ta ji cewa na'urar Charity ta riga Gimba gani. Ina, ba zai iya ba. Hajiya na fita ya murɗa ɗan notin saitin na'urar har kukan ya tsaya. Ya ce a ransa mako mai zuwa zai canza batirin shiru.

Bai kai ga makon ba. Ranar Asabar aka sheƙa ruwan sama, taransifomar unguwa ta ƙone, injin ƙyanƙyasa ya koma kan batir. Hajiya na da janareta, da ta ji kuka da ta tayar. Ba ta ji komai ba, saboda haka ba ta leƙa ba. Washegari ta tarar da inji a mace, ƙwai ɗari shida da saura kwana biyu su ƙyanƙyashe sun yi sanyi ƙalau.

Ta kira su duka biyu. Charity ta jona na'urar da kwamfutarta, don aisin yana ajiye duk abin da ya gani.

"Mama, na'urar ba ta lalace ba. An canza mata saiti ranar Talata, ƙarfe sha ɗaya."

Hajiya ta juyo a hankali. "Ranar Talata mutum ɗaya ne ya shiga ɗakin nan."

Ba ta yi faɗa ba. Bokiti ta miƙa masa. "Kwashe su da hannunka, Malam Gimba. Daga yau kada ka ƙara taka mini gida."

Ya durƙusa ya fara kwasa. Ƙwai ɗaya ya suɓuce ya fashe. Sai ga ɗan tsako cikakke, da gashinsa da ɗan bakinsa, a mace. Kunya ta kama Gimba har ya rasa inda zai sa ido.

Charity ta durƙusa kusa da shi ta ce a hankali, "Baba, da ka kira ni mun canza batirin tare, ai da ba wanda zai ji."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, mai hassada ba rashin ganin gaskiya ke damunsa ba. Yana ganinta, bakin da ta fito ne ba ya so. In wanda ya girme ka ko wanda ka girma ya hango abin da ba ka hango ba, ka karɓa ka gode. Toshe gargaɗi ba ya gyara ɓarna, sai dai ya jawo ta a kan wanda ya amince da kai.