Kafar Kyanwa a Ƙyauren Malam Ɗayyabu

An ce wai a wani gari na bakin kogi, tun zamanin da ƙyauren itace da kwaɗo guda suke isar mutum ya yi tafiya hankali kwance, an yi wata tsohuwa ana kiranta Iya Tabawa. Ba ta da dukiya, ba ta da karatu, mijinta kuma ya daɗe da rasuwa. Abin da ta mallaka a duniya sunanta ne. Mai tafiya fatauci wurinta yake barin mabuɗinsa, mai zuwa biki wurinta take barin tasoshinta, kuma ba a taɓa dawowa an tarar ko allura ta ɓace ba.

Katanga ɗaya ce tsakaninta da gidan Malam Ɗayyabu, gajera ce ma, mai tsawo yana iya leƙawa. Tun tana amarya ta san gidan, lokacin mahaifinsa Malam Haladu yana da rai, shi kuwa Ɗayyabu yana gabas neman ilimi, bai dawo ba sai bayan an binne tsohon. Yanzu shi ma furfura ta kama shi, matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse, ya rage daga shi sai littattafai da kyanwoyi biyu, Toka da Gajera.

Wata shekara bayan girbi, 'yarsa da ke aure a wani gari ta matsa masa ya je ya huta kwana arba'in. Ya tsaya ta kan katanga ya yi sallama, ya roƙi Iya Tabawa ta kula masa da kyanwoyin, ya ce zai zo mata da zane da kwanon man shanu. Ya lissafa mata komai dalla-dalla: nono da safe, kan kifi da yamma, kada a ba su abin da ya ji yaji, kada kaskon ruwansu ya bushe, Gajera kuma sai an tsare ta domin Toka na yi mata ƙwace. Ya kulle ɗakin littattafai, ya sa mabuɗin a aljihu, ya ba ta na ƙofar gida, ya tafi.

A rana ta uku ta nemi Toka ta rasa. Can sai ta ga wutsiya tana shigewa ta wata kafa da ke gindin ƙyauren ɗakin littattafan. Ta durƙusa da ƙyar, ta kafa ido a tsagar katako. Sai ga mage ta miƙe ƙafafu a kan wata tsohuwar gafaka, jakar fatar da ake adana takardu, tana lasar jikinta kamar a kan tabarmar uwarta.

Ta ga wannan ai wulaƙanta takardu ne. Ita a saninta duk abin da aka rubuta da tawada abin girmamawa ne. Ko guntun takarda ta gani a hanya, ɗauka take ta soka a jikin bango. Ta ce a ranta gara ce ta ci ƙyauren, Malam bai lura ba saboda idonsa ya yi rauni. Ta lallashi Toka ta fito, ta samo guntun katako, ta kwaɓa laka, ta toshe kafar tas, har ta shafe da tafin hannu don ya yi kyau. Kyanwoyin suka yi kwanaki suna kartar ƙyauren suna kuka. Ta ce musu shagwaɓa ce, ta ƙara musu kifi.

Malam ya dawo ya tarar da su sun yi ƙiba, gashinsu na sheƙi. Ya sa mata albarka, ya buɗe ɗaki. Warin ɓera ne ya fara tarbarsa. Manyan littattafan da sauƙi, gefe-gefe aka ci, kuma akwai irinsu a hannun wasu malamai. Amma tsohuwar gafakar an huda ta, an cinye tsakiyar takardun da ke ciki. Waƙa ce mahaifinsa ya tsara da Hausa ya rubuta da ajami da hannunsa, babu ta biyunta a ko'ina.

Baƙin ciki ya sa ya faɗi abin da bai auna ba. A ƙofar masallaci ya ce ya ba Tabawa amana ta ci. Kafin la'asar maganar ta zaga gari. Wata mata ta zo karɓar tasoshinta, ko zama ba ta yi ba. Washegari mutum biyu suka aiko a ba su mabuɗansu. Iya Tabawa ta miƙa musu. Da ƙusar da take rataye mabuɗai ta zama wayam, sai ta yafa mayafinta ta tafi wurin Alƙali Sambo da ƙafarta, ta ce a kira Malam, in ta ci amana a faɗa mata a gaban mutane, in ba ta ci ba a mayar mata da sunanta.

Alƙali Sambo mutum ne mai jinkirin magana. Ya saurari Malam har ya gama, sannan ya tambaye shi wa ya huda ƙyauren. Malam ya ce mahaifinsa ne, da gangan, domin kyanwoyin gidan su riƙa tsaron takardu. Alƙali ya tambaya ko ya faɗa wa Iya haka. Malam ya ce abu ne da kowa ya sani.

"Kowa a gidanku," in ji alƙali. "Ka faɗa mata nono, ka faɗa mata yaji, har ƙwacen Toka ka faɗa mata. Ka ba ta amanar kyanwoyi, ka riƙe aikin kyanwoyi a cikinka."

Malam ya ce ko da haka ne, ba a sa ta ta taɓa ƙyauren ba, kuma wanke ta ba zai dawo da rubutun mahaifinsa ba. Mutanen da ke zaure suka ga shi ma yana da gaskiya. Iya Tabawa ta sunkuyar da kai, domin ita kanta ta san hannunta ne ya kwaɓa lakar.

Alƙali ya juyo ya tambaye ta shekara nawa ta yi a bayan katangar nan. Ta ce ta haura arba'in. Ya tambayi tsawon katangar, ta nuna kafaɗarta. Ya tambayi inda turminta yake, ta ce a gindin katangar. Mutane suka dubi juna, ba su ga abin da turmi ya haɗa da ɓera ba. Sai ya ce wa Malam ya ɗauko takarda ɗaya ta waƙar ya karanta abin da ya saura, da ƙarfi, yadda kowa zai ji.

Malam ya ɗauko, ya fara:

"Bana kogi ya hau ya ɗauke gerona,
Ban yi fushi ba, na san mai aiko shi."

Ya tsaya, domin daga nan rami ne. Alƙali kuwa ba takardar yake kallo ba, bakin tsohuwar yake kallo. Muryar Malam ta tsaya, leɓɓanta ba su tsaya ba.

"Iya, ɗaga murya mu ji."

"Allah gafarta Malam, ni ban san karatu ba."

"Ban ce ki karanta ba. Faɗi abin da bakinki ke faɗi."

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta rera a hankali, da wani karin murya da tsofaffin da ke wurin suka gane nan take, domin na Malam Haladu ne:

"In ya janye zai bar laka a gonata,
In shuka alkama, in gode mai aiko shi."

Ba ta tsaya nan ba. Ta wuce zuwa baiti na gaba, Malam ya duba ƙasan takardar inda ɓera bai kai ba, ya ga kalma bayan kalma daidai. Alƙali ya sa ya canja takarda har sau uku, ko'ina ya tsaya ta ɗora. Aka tambaye ta yadda aka yi. Ta ce marigayi kullum bayan la'asar yakan zauna a inuwar katanga ya rera, ita kuma lokacin dakanta ke nan, har taɓaryarta ta saba sauka a kan amon waƙar. Shekara goma sha tara haka, kuma har yau in tana daka ita take yi. Ba ta taɓa sanin ita ce a cikin gafakar ba.

Malam Ɗayyabu ya sa hannun riga ya rufe idonsa. Shi sau ɗaya a shekara yake buɗe waƙar, yana ganin ta Hausa ce, ba ta kai manyan littattafai ba, bai kuwa taɓa jin yadda ake rera ta ba sai ran nan.

Alƙali ya bari zauren ya natsu, sannan ya yanke hukunci. "Tabawa ba ta ci amana ba, girmamawa ta yi a inda ba a sanar da ita ba. Malam zai faɗi haka a ƙofar masallacin da ya faɗi wancan. Amma hannunta ya toshe kafar, don haka hannunta zai buɗe, kuma bakinta zai biya abin da ɓera ya ci: ta faɗa, shi ya rubuta, har waƙar ta cika. Kai kuma Malam, shekara da shekaru maƙwabciyarka tana soka takarda a bango don ganin girman rubutu, ba ka koya mata ko baƙi ɗaya ba. Duk ranar da ta ba ka baiti, kai ma ka ba ta harafi."

Haka aka yi. Ranar Juma'a Malam ya faɗa a ƙofar masallaci, kafin mako ya zagayo ƙusar ta sake cika. Waƙar ta ɗauke su har faɗuwar damina, shi a wannan gefen katanga da alƙalami, ita a wancan da allo a cinya. An ce abin da ta fara karantawa da idonta baitin kogin nan ne, tana bi da yatsa, Toka kuwa tana kwance a kan sabuwar gafaka, ba wanda ya kore ta.

Masu ba da wannan labari sukan rufe shi da cewa: in za ka ba mutum amanar abu, ka haɗa masa da dalilin abin, in kuma ka yi rashi, kada ka yi saurin ɓata sunan na kusa da kai, domin wataƙila abin da kake kuka a kansa yana ajiye a wurinsa.