Wazirin da Ya Hana Zaman Makoki

A zamanin da, a wata ƙasa da har sunanta ya ɓace a bakin mutane, an yi wani Sarki mai suna Barau, wanda ya rantse sai ya kewaye birninsa da ganuwa kafin damina uku su wuce. Amma aiki ya ƙi gaba. Kullum aka duba magina sai a tarar babu ashirin ko talatin, in an tambaya a ce sun raka gawa, ko suna zaman makoki, ko yau sadakar uku ce a unguwarsu.

Ran nan Sarki ya fusata a fada, ya ce, "Mutum ɗaya ya mutu, ɗari su ajiye mini aiki kwana uku! Wa zai raba ni da wannan asara?"

To, Sarkin nan yana da Waziri, Jatau, mai ilimi ƙwarai, amma irin ilimin nan da ke share wa mai mulki hanya duk inda ya ga damar bi. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ai jana'iza farilla ce da in wasu suka yi an ɗauke wa saura. A sa dogarai huɗu su riƙa ɗaukar makara, kuyangin fada su wanke mata, malami ɗaya ya yi salla. Taro kuwa, da shimfiɗa tabarmi, da dakan gumba, duk al'ada ce."

Malamai suka sunkuyar da kai. Sanƙira ya yi shela a kasuwa cewa duk wanda ya bi gawa ko ya zauna makoki, bulala ce. Ganuwa kuwa ta tashi, Sarki ya ƙara wa Jatau alkyabba.

Bayan shekara guda Sarki ya aiki Jatau wata ƙasa mai nisa tare da ayarin fatake. Da ya dawo bayan wata biyu, ya zarce gidan mahaifiyarsa Gwamma da tsarabar goro, sai ya tarar da ɗakinta a rufe. Wata tsohuwar maƙwabciya, Tasalla, tana tsintar wake a tsakar gida.

Ya ce, "Iya, ina Inna?"

Tasalla ba ta ɗago ba. Ta ce, "Yau kwananta ashirin a ƙasa."

Jatau ya zauna a kan turmi. Can ya ce, "Wa ya wanke ta?"

"Wasu yara daga fada, ko sunanta ba su tambaya ba. Shekara hamsin muna tare, ta sa na yi mata alkawarin ni zan wanke ta. Da na matso aka nuna mini bulala. Dokarka ce, Jatau."

Ya tafi maƙabarta da dogaran da suka kai ta. Wannan ya nuna kabari kusa da tsamiya, wancan ya ce a'a, can gabas ne, na uku ya ce shi dai ya tuna ranar an yi rana ƙwarai. Da ma ba ƙasa ke tuna inda mutum yake kwance ba, waɗanda suka raka shi ne, Gwamma kuwa ba wanda ya raka ta. Jatau ya koma gida ya zauna a zaure kwana uku shi kaɗai. Mutane suna wucewa suna kawar da kai, ko "Allah ya jiƙanta" bai samu ba. Baƙin ciki ya ci shi, kuma ba shi da wanda zai zarga. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Ya je ya roƙi Sarki a janye dokar. Sarki ya ce, "Sarki ba ya magana biyu, Waziri. Kai ka ce al'ada ce."

Jatau ya ce, "Allah ya ja zamaninka, gani ya kori ji. Ka ara mini hantsi ɗaya."

Washegari shi da Sarki suka yi shigar fatake, suka tsaya bakin hanyar maƙabarta. Sai ga dogarai ɗauke da gawar wani maƙeri, suna tafe suna gardamar dambe. 'Ya'yan mamacin suna leƙe daga ƙofar gida, sun toshe baki don kada a ji kukansu. Da dogaran suka iso wajen mai fura, suka dire makarar a rana, suka shiga inuwa.

Sarki ya kasa haƙuri, ya ce, "Bayin Allah, haka ake yi wa mutum?"

Babbansu ya goge baki, ya ce, "Baƙo, ɗanmu ne ko ubanmu? Da can kowa rige-rigen sa kafaɗa yake, don ya san wata rana shi za a ɗauka. Mu kuwa aiki aka ba mu. Ko Sarki ne ya mutu yau, mu huɗun nan ne, kuma sai mun sha furarmu."

 Sarki ya je ya kama ƙafar makarar, Jatau ya kama ɗaya.

Kafin la'asar an yi shelar janye doka. A gaban fada Sarki ya sa aka warware rawanin Jatau, ya ce wanda ya san gaskiya ya sayar da ita bai dace da kusa da gadon sarauta ba. Jatau bai yi musu ba.

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Gwamma, gari ya zo gaisuwa. Kowa ya durƙusa ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙanta." Jatau yana amsawa yana duban fuskokinsu, ya san a cikinsu akwai wanda dokarsa ta hana raka uwa, akwai wanda ta hana raka ɗa. Ba wanda ya faɗa masa baƙar magana, shi kuwa da zaginsa suka yi da ya fi samun sauƙi.

Ya rayu shekara goma sha ɗaya bayan haka. Kowace Juma'a yakan je maƙabarta, ya bi kaburburan shekarar nan ɗaya bayan ɗaya, a kan kowanne ya tsaya ya ce, "Inna, in ke ce a nan, ki yafe mini."