Moɗar Ƙarshe ta Tasalla

Dalilin da ya sa famfon tuƙa-tuƙa, in ya bushe, ba ya kawo ruwa sai an zuba masa ruwa a baki, ku matso ku ji. Ba labarin dariya ba ne, ku rufe haƙora.

A da, taɓa shi kawai ake yi ruwa ya zubo. Shekara bakwai yana shayar da ƙauyen Tudun Kanya, har suka bar rijiyoyinsu suka rufta.

Rannan da bazara, sai ya ɗauke. A tuƙa, ya yi tari, ya hura iska. Mai gyara ya zo ya sake masa fatar ciki mai jawo ruwa, ya ɗaure bakin bututu, ya leƙa ko yashi ne ya toshe. Shiru. Ya kwashe kayansa ya tafi.

To akwai wata tsohuwa Tasalla, mijinta Jatau na kwance zazzaɓi na cin sa. Ruwan da ya rage mata duk duniya moɗa ɗaya ne, a gindin randa. Kwana na uku ta je ta rungumi hannun famfon tana tuƙi tana kuka.

Sai ta ji murya daga ciki, a shaƙe: "Iya, bar wahalar da kanki."

"Kai ne? Me muka yi maka, ɗan nan?"

"A garinku in baƙo ya sauka, me ake fara miƙa masa?"

"Ruwa mana."

"To ni wa ya miƙa mini? Rana na dukana, maƙogwarona ya tsage. Kowa da tulunsa, ba mai moɗa."

Kunya ta rufe Tasalla, don gaskiya ya faɗa. Ta koma gida ta ɗebo ruwan nan. Jatau ya buɗe ido ya ga moɗar, ya miƙo hannu.

"Tasalla, ɗan jiƙa mini baki."

"Yi haƙuri, Malam. Yanzu zan kawo maka tulu guda, mai sanyi."

Ta fice ba ta waiwaya ba, don in ta waiwaya ba za ta iya ba. Ta ɗura wa famfo, ta tuƙa. Ya sha, ya yi tari. Ta tuƙa har kafaɗunta suka mutu, sannan ruwa ya ɓalle. Gari ya ɗau guɗa.

Ta isa gida da tulu a ka, ruwa na zuba mata a wuya. Jatau na nan yadda ta bar shi, hannunsa a miƙe. Ya riga ya cika.

Ba ta zagi famfon ba. Gwangwani ta samo ta cika, ta ajiye a gindinsa. Ta ce, "Ga naka. Kada ka ƙara roƙon na bakin wani."

Shi ya sa har yau in ya bushe sai an ba shi ya sha kafin ya ba ka, don ya riga ya ɗanɗana. Kuma gwangwanin nan da kuke gani a gindinsa, na Tasalla ne. Duk wanda na kama ya wanke ƙafa da ruwan ciki, ni da shi ne.