Tudun Tabawa

A zamanin da giwa ke shan ruwa inda yau ake shanya gero, an yi wani maharbi wai shi Tunau, mutumin ƙasar duwatsu. Kirarinsa shi ne Tunau na Tabawa, mai kibiyar da ba ta kwana da yunwa. An ce in ya shiga daji ko ciyawa ba ta motsi. Amma duk jarumtakar nan a ƙofar ɗakin uwarsa take ƙarewa. Tabawa 'yar tsohuwa ce ƙarama, bakinta ya fi barkono, kuma har Tunau ya yi furfura "yaron nan" take ce masa.

Shekarar da fari ya kori namun dawa daga duwatsu, Tunau ya bi sawunsu. Ya so ya bar ta wurin dangi, ta ce ai bai isa ba, wa zai dama masa fura? Haka ya goyo ta har bakin Tafkin Zumburu, ƙasa shimfiɗaɗɗiya wadda ba ta da tudun da ko kaza za ta hau. Masunta kaɗai ke wurin. Su kafa bukkoki da rani, damina ta yi su shiga jiragensu su bar wa ruwa filinsa.

Daminar farko Tabawa na cikin jirgi ta ga ruwa ya shafe maƙabartar masunta. 

Ta ce, "Tunau, ban taɓa roƙonka komai ba."

Ya ce, "Inna, ai kullum sai kin roƙe ni hanta."

"Rufe mini baki. Ni 'yar dutse ce. In na mutu, kada ka sa ni inda ruwa zai kwanta a kaina."

Ya yi mata alkawari, ya kuwa ji tsoro, domin bai san inda zai samo tudu ba. Da rani ya shiga jidar yashin gaɓa yana tarawa, shi a ganinsa na mutumin dutse abin da ka tara ya taru ke nan. Ruwa ya zo ya lashe shi tas. Tabawa ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Yaron nan, ka taɓa ganin an gina rumbu da yashi? Laka ake kwaɓawa da ciyawa."

To, hannu biyu ba sa gina tudu. Sai Tunau ya yi shela cewa duk mai son namansa ya kawo kwandon laka daga tafki. Makau, sarkin ruwa na masunta, ya riƙe ciki don dariya, wai ga wanda ke ba da cinyar gwanki a kan taɓo. Amma wanda ya shekara yana cin kifi ba ya gardama da tsire. Maza suka yi ta jida, mata na kwaɓawa, yara na tattakawa. Kowace shekara tudu na tashi, kowace shekara Tabawa ta ɗaga kai ta ce, "Wannan ne tudun? A garinmu turmi za a ɗora a kai." Tana faɗi kuwa tana shafa lakar da hannu, shi ma ya san ta ji daɗi.

Ana nan sai ga daminar da tsofaffi ke kira ta Mai-Haɗiye. Igiyar ruwa ta riƙa kife jirage, masunta suka nufo tudu da 'ya'yansu da awakinsu. Tabawa a lokacin tana kwance a bukkarta ta can ƙoli, numfashi sama-sama. Tunau ya tsaya a gefe da bakansa, yana ganin yadda gaɓar tudu ke zaizayewa ƙarƙashin ƙafafun mutane. Ya san in duk suka hau, ba lalle wurin kabarin ya tsira ba.

Sai ya ji muryarta daga ɗaki. "Me ka tsaya yi? Ƙasarsu ce, a kansu suka ɗauko ta. Buɗe musu hanya."

Ya ajiye baka, ya shiga miƙa hannu yana jawo mutane. Da hantsi washegari Tabawa ta cika. Ruwa kuwa bai daina hawa ba, har busasshen wurin da ya rage bai fi shimfiɗar 'yan tabarmi ba, shi ma cike da jama'a. Tunau, wanda bai taɓa ja da baya ga zaki ba, ya zauna kusa da gawar uwarsa ya yi kuka.

Sai Makau ya miƙe. Ya tuɓe riga, ya faɗa ruwa, ya nutsa, ya ɓullo da laka cike da hannuwansa, ya liƙa a bakin busasshen wurin. Maza suka bi shi. Mata suka sauka cikin ruwa har ƙirji da yara a kafaɗa don a sami filin haƙa. An ce kadoji ma sun jeru kewaye da tudu suna tare igiyar ruwa, babu wanda suka taɓa. Kafin la'asar an rufe Tabawa cikin busasshiyar ƙasa.

Bayan Tunau, jikokinsa da na Makau suka gina ganuwa a kan tudun, aka yi gari mai ƙofofi. Yau ganuwar ta zama kufai, sai awaki da balbela. Amma in ka kai ziyara, mai jirgin da ya ƙetare da kai ba zai bari ka hau hannu wofi ba. Zai sa ka duƙa ka cika tafinka da laka, ka kai ta ƙoli ka liƙa. In ka ɗebo kaɗan, matan wurin su yi maka tsiya, su ce tsohuwa za ta raina. Damina na zuwa tana wucewa, ruwa na cin gonaki da hanyoyi, amma har yau bai kwanta a kan Tabawa ba.